Asali a Tsohon Bugu

A wani gidan shayi na unguwar Dokki inda suke wasan ƙirƙirar jarumai, Shadi ya nemi auren Rawiya. Kafin ta amsa, ya koma yabon tsohon bugun littafin dokokin wasan.

"Can asali ke yanke komai. Jinin dodo ba ya hankali, komai ƙoƙarinsa. A sabon kuwa, kowane banza sai ya zaɓi gwanintar da ya ga dama."

Rawiya, 'yar maigadin benen su Shadi, ta kalle shi sheƙeƙe. Ashe shi ya sa yake hana ta faɗin aikin babanta gaban abokansa.

"To ni fa, ya basha, babban mutum? Me asalina ya yanke min?"

Ya sosa ƙeya. "Haba, ke ai daban ce cikin 'ya'yan masu gadi."

Ta taɓe baki, ta miƙe. "Cikinsu zan zauna. Nemi wata."