Mutumin Gindin Dogonyaro

Kada tsoro ya hana ka yi wa baƙo sallama. Ni ya hana ni, ga abin da ya jawo.

Tun da muka gudo daga Gatawa zuwa Sabon Birni, ni ke raka 'yata Hafiza makaranta. Kullum sai na ga wani mutum a gindin dogonyaro yana kallon ƙofar makarantar. Da a ƙauye ne, da tuni mun gaisa. A nan kowa tsoron kowa yake.

Na sami Jibrilla, shugaban 'yan sa-kai. "Mutumin nan bai kwanta mani ba. Kamar mai kai wa 'yan bindiga rahoto."

"Bar muna shi," in ji Jibrilla.

Washegari suka tafi da shi a babur. Hankalina ya kwanta.

Da aka tashi makaranta, Hafiza ta fito riƙe da hannun wata yarinya.

"Baba, ga ƙawata Sadiƙa, daga Turba sunka gudo. Mu jira babanta. Nan yaka tsayawa kullum, don kar a ɗauke ta."

Yau kwanan Sadiƙa tara a gidana. Har yanzu ban san inda suka kai shi ba.