Hoton Burtsatsen da Ya Dushe

"Wannan hoton kuma na mene ne?" in ji shugaban kwamitin ruwa na wani ƙauyen Gwaram, yana kaɗa takardar.

Jami'ar da ta zo daga Birnin Kudu ta sunkuyar da kai. Babu wutar da za ta haska jawabinta a allo, shi ya sa ta buga shi a takarda.

"Baba, injin bugawa ne ya dusar da shi."

"Sauran shafuka sun fito tas, sai hoton burtsatsenmu da aka sace wa farantin sola? Ɓarawo kike rufa wa asiri. Buɗe kwamfutar!"

"Baba, mu keɓe tukuna."

"A nan za ki buɗe!"

Ta buɗe. Daga saman tanki ta ɗauki hoton. Ga famfuna a bushe, can kuma bayan wata katanga ga farantin a jingine.

Gidan ɗan shugaban na fari ne.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wa jama'a kwamfutar.

"Ku matso," ya ce, "ku gani da kyau."