Minti Goma na Muryar Sitti

Amsar gidauniyar ta iso kwana arba'in da binne Sitti, kakata. Sun ƙi.

Tallafi na nema in karanci yaren ƙauyensu na bayan Bauchi, wanda duk faɗin Utaibiyya, unguwarmu a ƙasa mai tsarki, ita kaɗai ke jin sa. Mu jikoki da Larabci muka tashi, Hausar ma da ƙyar. Sharaɗin gidauniyar shi ne in tura muryar mai yaren ta minti goma. A lokacin tana da rai.

"Sitti, yi mini tatsuniya da yarenku," na ce, na ɗora waya a cinyarta.

"Ke 'yar nan, wa ya taɓa tatsuniya da rana?"

Na nace, don washegari za a rufe karɓa. Ta daɗe tana kallon bango, sannan ta fara. Ni kuwa sai murmushi nake ina gyaɗa kai, da ta gama har da tafi.

Wasiƙar ta ce tunda na sanar da su rasuwarta, ba ni da wanda zan koya a wurinsa. A ƙasan wasiƙar, malaminsu da ya saurari muryar ya ƙara da cewa:

"Wannan ba tatsuniya ba ce. Ɗanta na fari take yi wa magana, wanda ta binne a hanyar Sudan suna tafiya aikin hajji a ƙafa. Sau goma sha ɗaya ta kira sunansa, tana neman gafararsa."

Shekara sittin kunyar ɗan fari ta hana ta ambaton sunan nan a gaban kowa.

Na sake kunna muryar. A ƙarshenta ba abin da ake ji sai tafina.