Zai Dawo Yadda Yake

"Ku kwantar da hankalinku, zai warke," in ji likita. "Wani sinadari ne ya yi yawa a ƙwaƙwalwarsa, shi ya juya masa hali. Ƙwayar nan za ta daidaita shi. In aka bar shi haka, abin zai iya kai shi ƙasa."

Matar tela ta dubi mijinta. Tun da ciwon ya kama shi ya zama wani mutum daban. Ga dariya ba dalili, ga barin keken ɗinki ya zauna wasa da yara, har hannunta yake riƙewa a gaban mutane.

Surukarta, wadda ta kafa kujera a bakin ƙofa, ta ce, "Likita, ɗana zai dawo yadda yake?"

"Tsaf kuwa, Mama."

Sai hawaye suka ɓalle wa matar.

"Allah sarki, kukan murna take," in ji surukar.

Likita ta miƙa mata kwalbar. "Ke za ki riƙa ba shi, safe da yamma."

Ta karɓa da hagu. Hannun daman bai sake miƙewa ba tun ranar da ya karya mata shi, lokacin yana lafiya ƙalau.