Ranar da Sagiru Ya Fara Ƙiwa

Tun da aka kafa dokar raino, na'ura ke riƙon jarirai a gidan gwamnati, uwa sai ziyarar Juma'a. A wata shida ake gwaji. Wanda ya yarda da uwarsa ya bi ta gida, wanda ya ƙi ya ƙara shekara.

Barira ta durƙusa gaban ɗanta Sagiru. Yana zaune da kansa, haƙori ɗaya ya leƙo.

"Taho, ɗan albarka," ta ce.

Ya ƙura mata ido, ya taɓe baki, ya fashe da kuka yana miƙa wa na'urar hannu.

Ma'aikaciyar gidan ta yi murmushi. "Madalla, Maman Sagiru, lafiyarsa ƙalau. A watanninsa, lafiyayyen yaro yakan ƙi baƙo."