Jarkar Ƙarƙashin Gado

Maigidan ya juya zai ɗauko wando ke nan, garwashi ya tsallako daga dutsen guga ya kama labule. Kafin a ce kwabo, harshen wuta ya doshi silin.

Matarsa ta faɗo ɗakin a guje, ta durƙusa, ta jawo jarkar da ke ƙarƙashin gado. Jarkar nan ita ce rigimarsu ta kullum. Tun da gobarar fetur ta ci maƙwabciyarsu da 'ya'yanta biyu take roƙonsa ya fitar da ita, shi kuwa sai ya ce, "Kin cika tsoro. Ranar da mai ya yi wuya za ki gode min."

Sai ya ga tana murɗe murfin.

"Ke! Fetur ne! Za ki kashe mu!"

Ya yi salati, ya dira ta taga daga shi sai gajeren wando, ya tarwatsa kajin tsakar gida. Ya toshe kunne yana jiran ƙara. Shiru.

Da ya leƙo, wuta ta mutu, labule na ɗigar ruwa, ita kuma tana tsaye tana haki.

"Ruwa ne, maigida. Tun makon gobarar na juye man, na wanke jarkar."

Ya ce, "To, ina man?"

"Babur ɗinka ya shanye, kaɗan-kaɗan. Ba kai ne kake ta yabonsa ba, wai ya daina shan mai?"