Ciwon da Bai Nuna Ba

Tun da asibitocin ƙasashen waje suka fara sayen ciwo a gwanjo, mai cutar da ba a saba gani ba kyauta ake yi masa magani. Malama Hansatu, tsohuwar malamar firamare a Funtuwa, ta kai sakamakon gwajinta ofishin dillalai.

Dillalin, Sagiru, ya ɗora hoton nononta na hagu a allo, yana jujjuya shi kamar mai taya rago.

"Mama, irin wannan kansar ta cika kasuwa. Ba mai tayawa."

"To yaya zan yi, ɗan nan? Fanshona ko kuɗin jirgi bai kai ba."

"Ki bar shan magani wata huɗu. In ta taɓa ƙashi, suna so."

A bencin masu jira ana ta yi wa wata mata barka, wai tata ta kai hanta.

Yawu ya taru a bakin Malama. Ta fita ta tofar a kwata, ta goge baki da gefen mayafi. Ta daɗe tsaye a rana. Sannan ta koma ciki, ta tambaye shi ranar da za ta dawo.